Takardar Gado

Ƙarfe takwas na safe nake ɗibar jini,
don sinadarin nan, kotizol, ɗan sammako ne:
da asuba yake cika kamar gulbin Rima a tsakiyar damina,
kafin la'asar ya ja da baya.
Na ɗaure wa Gado dantse da roba.
Jijiya ta taso. Shi bai ɗago ba.

Makanikin injin casa ne, daga Argungu.
Ƙanwarsa Tumba ce bakinsa:
"Wata huɗu ke nan bai taɓa sifana ba.
Ba masassara, ba tari.
Shina zaune dai, shina kallon bango,
tuwo shi huce, shi yi ɓawo cikin kwano.
Ku auna muna, mu san mi as same shi."
Buhu biyu na shanshera ta sayar,
ta ƙullo kuɗin a bakin zane har Birnin Kebbi.

Bayansu a layi, Alhaji Manu,
dillalin albasa daga Aliero.
Kan hanya ya kwana, bai runtsa ba,
yana dariya tumbi na rawa,
yana cewa allurata ta fi ta jaki kauri.

Kwalba biyu, lamba biyu.
Inji ya juya su, janareta na tari bayan taga.
Na Alhaji ya tsallake layi ya yi sama.
Na Gado ya zauna daram a tsakiya,
kamar yaron da bai taɓa makara ba.

Na duba ko na musanya suna.
Na sake dubawa.
Ban musanya ba.

Tumba ta karɓi takarda da hannu biyu.
"To, ashe ba shi da komi?"
A nan ne na kalli Gado.
Ban ga sauƙi a fuskarsa ba,
na ga mutumin da aka ƙaryata gaban ƙanwarsa
da hatimi da sa hannu,
sa hannun kuwa nawa ne.

Shekara sha ɗaya ina kan wannan benci.
Na san rashin barci na ɗaga lambar nan,
juna biyu na ɗaga ta,
kai, tsoron allura ma.
Na san wani na can yana nutsewa
lambarsa na tsaye kan ganga, ko jiƙewa ba ta yi ba.
Mudu gero yake aunawa.
Ban taɓa ganin wanda ya auna yunwa ba.
Sai dai bakina ya yi nauyi,
na nuna musu ƙofa ta uku.

Likita Luba ta karanta, ta kife takardar.
Ni na kai mata fayil, na ji da kunnena.
Ta ce, "Kuɗinku bai faɗi ƙasa ba,
ta rufe mana wata ƙofa, saura mu nemi tamu.
Gado, yaushe rabonka da barci har kiran salla?"
Shiru.
Fanka ta zagaya, ta zagaya.
"In dare ya raba, me zuciya ke ce maka?"
Tumba ta buɗe baki, likita ta ɗaga yatsa.

Can sai ya ce,
"Injin da na yi shekara ashirin ina gyara,
in an tashe shi yanzu,
ji nake kamar daga ƙarƙashin ruwa."

Biro ya fara tafiya. Na ja musu ƙofa.

Da yamma ina wanke kwalabe
na tarar da ragowar jininsa:
ja ya kwanta ƙasa, ruwan ɗorawa a sama.
Na ɗaga shi saitin taga, na daɗe ina kallo.
Tas yake.
Na zubar, na ɗauraye, na kife.
Gobe mutum tara ne, ƙarfe takwas.